Dashen Ƙodar Mamaci Mai Ɗauke da Cutar Hanta: Yadda Na Ga Hidimar Wata Cibiya a Amurka

A shekara ta huɗu da Yaya ya yi yana zuwa wankin ƙoda, sau uku a mako, kusan awa huɗu a kowane zama, cibiyar dashen gaɓoɓi da ke riƙe da sunansa a jerin masu jira ta kira mu domin a tattauna wata takarda. Ni na raka shi, domin gari ɗaya muke zaune a Amurka, kuma sunana ne a fayil ɗinsa a matsayin mai jinya. Abin da takardar take tambaya shi ne ko zai amince a dasa masa ƙodar mamacin da gwaji ya tabbatar yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in C, alhali shi Yaya ba ya da wannan cuta. Ya karanta ta har sau biyu, sannan ya dube ni ya ce da Hausa, don kada jami'ar cibiyar ta ji, wai an ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada ne shi ya sa ake tallata masa abin da wasu suka ƙi.

Yanzu an yi dashen, an gama shan maganin, kuma na ga hidimar tun daga wannan takarda har zuwa gwajin ƙarshe. Hukuncina shi ne aikin likitocin ya cancanci yabo, kuma ƙwayar cutar da muka fi jin tsoro ita ce abin da ya fi sauƙin magancewa. Inda aka samu giɓi shi ne tsakanin ranar tiyata da ranar da ƙwayar maganin farko ta shiga bakinsa, wanda takardun inshora ne suka haddasa shi, kuma cibiyar ba ta shirya mu a kansa yadda ya kamata ba.

Zaman bayani na farko ya ɗauki fiye da awa ɗaya, kuma a nan na fara ganin ingancin wurin. Likitar ƙoda ce ta jagoranta, tare da likitan hanta da ma'aikaciyar jinya da ke kula da fayil ɗin Yaya. Ba su ɓoye komai ba game da asalin waɗannan ƙodoji. Mafi yawansu na matasa ne da suka rasu sakamakon shan miyagun ƙwayoyi fiye da kima, musamman fentanil, annobar da ta riƙa kashe fiye da mutum 100,000 a shekara a Amurka tsakanin 2021 da 2023, kuma da yawa daga cikinsu sun kamu da cutar hanta ne ta hanyar allurar da suke yin tarayya a kanta. Saboda ƙuruciyar masu su, irin waɗannan ƙodoji sau da yawa ba su taɓa fama da hawan jini ko ciwon suga ba, amma duk da haka a da zubar da ɗaruruwansu ake yi duk shekara, a ƙasar da kusan mutum 90,000 suke jiran ƙoda. Likitan hanta ya bambanta mana abu biyu da mu muka ɗauka ɗaya ne. Akwai mamacin da jininsa ya nuna alamar cewa ya taɓa haɗuwa da cutar amma babu ƙwayar a jikinsa lokacin rasuwa, wanda da wuya ƙodarsa ta yaɗa komai, akwai kuma wanda gwajin da ke gano ƙwayar kanta ya nuna tana nan da ranta, wanda kusan tabbas ne mai karɓar ƙodarsa zai kamu idan ba a tare ta da magani ba. Takardar da ke gabanmu a kan na biyun take magana.

Yaya mutum ne mai son a nuna masa hujja, sai ya tambayi tun yaushe ake wannan aiki. Amsar da aka ba shi ta yi daidai da abin da na bincika daga baya. A 1989 aka gano ƙwayar cutar, kuma shekaru da yawa maganinta allurar intaferon ce, wadda ke wahalar da jiki, ba ta warkar da kowa ba, sannan tana iya sa jiki ya ƙi sabuwar ƙoda, don haka ba a iya ba wa wanda aka yi wa dashe. Al'amarin ya sauya a ƙarshen 2013, lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Sovaldi, wanda aka sa wa farashin dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Epclusa ya biyo baya a 2016, Mavyret kuma a 2017, dukansu suna aiki a kan kowane jinsi na ƙwayar, kuma suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan su. Da wannan ne likitoci biyu na Jami'ar Pensilbaniya, David Goldberg da Peter Reese, suka dasa wa mutum 10 da ba su da cutar ƙodojin masu ita, suka ba su wani sabon maganin cutar mai suna Zepatier, dukansu kuma suka warke, aka buga sakamakon a 2017. A shekarar da ta biyo baya Jami'ar Johns Hopkins ta fitar da nata sakamakon na wasu mutum 10, waɗanda aka fara ba su magani tun kafin a shiga da su ɗakin tiyata, kuma babu wanda cutar ta zauna masa a jiki.

Abin da ban ji daɗinsa ba a wannan zama shi ne rubutaccen bayanin da aka ba mu mu tafi da shi gida. Shafuka ne masu yawa cike da kalmomin lauyoyi da na likitoci, waɗanda aka rubuta domin kare asibiti fiye da domin fahimtar da mara lafiya. Matar Yaya, wadda ita ce za ta zauna da shi dare da rana, ba ta sami abin da ya amsa tambayoyinta a ciki ba: ko za su ci abinci a kwano ɗaya, ko yara suna cikin haɗari, ko ita kanta za ta kamu. Sai da muka sake kiran ma'aikaciyar jinyar kafin aka gaya mana cewa cutar ta jini ce, ba ta bin abinci ko gaisawa, kuma abin kiyayewa shi ne reza da buroshin haƙori da abin yanke farce har sai an tabbatar ya warke. Wannan bayani bai fi layi biyar ba, kuma shi ya kamata ya zo a shafin farko. An yi mana tayin tafinta ta waya, amma ba a sami mai Hausa a ranar ba, sai ni na riƙa fassara, abin da ko su kansu sun ce ba haka ƙa'ida take ba.

Kafin ya sa hannu, Yaya ya je wurin limamin masallacinmu da tambaya biyu, ta ɗaukar gaɓar mamaci da ta shigar da cuta jiki da gangan. Malam ya ambata masa matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988, wadda ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci domin ceton rai matuƙar shi ko magadansa sun yarda kuma ba a yi ciniki ba. Game da ta biyu kuwa ya ce masa, "Alhaji, wannan magana ce ta auna cuta biyu a ɗauki mai sauƙi, kuma ma'aunin yana hannun likitoci." Mutanen gida sun fi wuyar shawo kai. A Najeriya, tun dashen farko da aka yi a Legas a 2000 da wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi a 2002, ƙodar mai rai aka sani, ta ɗan'uwa ko ɗa, saboda haka jin cewa ta mamaci ce, kuma mai ciwon hanta, ya sa Hajiya ta kwana biyu ba ta amsa wayarmu da sakin fuska ba. Ni an gwada ni tun farko, hawan jini ya hana a ɗauki tawa.

Akwai wuri ɗaya da cibiyar ta nuna ƙwarewar da ta sa na ƙara amincewa da ita. Likitan hanta, da ya ga an haifi Yaya a Najeriya, ya koma kan sakamakon gwajinsa na cutar hanta nau'in B, wadda ta fi nau'in C yawa nesa ba kusa ba a wajenmu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da ita. Jinin Yaya ya nuna ya taɓa haɗuwa da ita tun yana ƙarami, jikinsa ya danne ta, shi bai ma sani ba. Muhimmancin wannan shi ne magungunan nau'in C suna iya tayar da nau'in B da ke kwance, har hukumar magunguna ta sa aka rubuta gargaɗi mafi ƙarfi a kan kwalayensu tun 2016, ga kuma magungunan rage garkuwar jiki da ake ba duk wanda aka yi wa dashe, waɗanda su ma suna buɗe mata ƙofa. Saboda haka aka tsara masa gwajin nau'in B a kai a kai tun daga makon farko. Duk wanda aka haifa a Afirka ta Yamma kuma yake tunanin sa hannu a irin wannan takarda, ya tabbatar an yi masa wannan magana, idan kuma ba a ɗauko ta ba ya ɗauko ta da kansa.

An gaya mana cewa amincewar za ta iya rage jira, amma ba a yi alƙawarin wata ko shekara ba, kuma na yaba da wannan gaskiya. A shekarun farko, masu amincewa kaɗan ne, don haka suna samun ƙoda cikin ɗan lokaci, amma yanzu da cibiyoyi da yawa suka shiga tsarin, ratar ta ragu. Rukunin jinin Yaya B ne, wanda ya yawaita a tsakanin 'yan asalin Afirka kuma yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a layi. Wata bakwai bayan sa hannun aka kira shi da misalin ƙarfe biyu na dare. Jami'ar da ta kira ta faɗi kimanin shekarun mamacin, ta ce ƙwayar tana jininsa, ta faɗi makin ingancin ƙodar, sannan ta tunatar da shi cewa yana da damar ƙin karɓa ba tare da ya rasa matsayinsa a jerin ba. Ta ba shi ɗan lokaci ya yi shawara, ya yi alwala ya yi raka'a biyu, ya kira ta ya ce ya karɓa.

Game da tiyatar ba ni da abin faɗa mai yawa, domin ta tafi yadda aka siffanta. Awa uku da ɗoriya aka yi, aka sa sabuwar ƙodar a gefen mara ta dama, aka bar tsofaffin biyu inda suke. Fitsari ya fara zuwa tun a daren, bai sake komawa kan injin wanki ba, kuma a rana ta biyar aka sallame shi da jaka cike da magunguna. Ɗakin yana da tsabta, masu jinya suna zuwa da zarar an danna ƙararrawa, abincin kuwa sai da muka riƙa kawo masa daga gida bayan mai kula da abinci ta duba abin da ke ciki.

A cikin jakar magungunan babu maganin cutar hanta, kuma a nan gizo yake saƙar. Sai ranar sallama aka bayyana mana dalla-dalla cewa kamfanin inshora ba zai amince ya biya kuɗin maganin ba sai gwaji ya tabbatar ƙwayar ta bayyana a jinin Yaya, an kuma aika takardar neman izini an jira amsa. Ma'ana, sai an bar cutar ta kama shi sosai tukuna kafin a ba shi abin da aka san tun farko zai buƙata. Tun a kwana na uku bayan tiyata ƙwayar ta riga ta bayyana a jininsa. An aika takardar, aka dawo da ita saboda wai babu sakamakon wani gwaji, aka sake aikawa, aka ƙi amincewa, aka ɗaukaka ƙara, kuma duk wannan lokaci adadin ƙwayar yana hawa daga dubbai zuwa miliyoyi a kowane sakamako da ke shigowa wayarsa. A mako na huɗu ma'aunin da ke nuna kumburin hanta ya ɗan tashi. Likitan hanta ya kwantar mana da hankali cewa hakan yakan faru, amma shi da kansa ne ya gaya mana a zaman farko cewa akwai wani nau'in kumburi mai tsanani da ke toshe hanyoyin ɗaci na hanta, wanda ba kasafai ake ganinsa ba amma jinkirin magani yana ƙara haɗarinsa ga mai raunin garkuwa. Mutum ba ya mance irin wannan magana idan yana kallon lambobi suna hawa. Kwana 33 aka yi kafin kwalin Mavyret ya iso gida.

Laifin ƙin biya na kamfanin inshora ne, ban ɗora wa cibiyar shi ba, kuma mai haɗa magungunan cibiyar ta yi ta bin maganar har ranar Asabar. Abin da nake riƙe da su a kansa shi ne sun san haka tana faruwa, amma a zaman farko suka taƙaita ta da cewa za a iya samun ɗan jinkiri. Da na bincika, sai na gane cewa ba kowace cibiya ce take jira ba. Wasu suna sayen maganin da kuɗinsu su fara bayarwa tun ranar tiyata, kuma a Toronto ta Kanada an buga sakamakon wani gwaji a 2020 inda aka ba wa mutum 30 da aka dasa wa gaɓoɓi daban-daban magani sau ɗaya kafin tiyata da kwana bakwai bayanta, babu kuma wanda cutar ta zauna masa. Idan aka fara da wuri, kwanakin shan magani suna raguwa, kuɗin yana raguwa, hanta ba ta shan wahala, iyali kuma ba sa zama da mai ɗauke da ƙwayar na tsawon makonni. Da an shimfiɗa mana wannan bambanci tun farko, da mun tambayi inshora kafin sa hannu, ko mu nemi a sa sunan Yaya a wata cibiya ta biyu, abin da doka ta yarda da shi.

Da maganin ya zo, komai ya koma kan hanya cikin sauri. Ƙwaya uku ce a sha lokaci ɗaya kowace rana tare da abinci, na tsawon mako 12. Mai haɗa magungunan ta zauna da mu ta bi duk abin da yake sha ɗaya bayan ɗaya, ta hana shi duk wani maganin gargajiya ko na ƙarin kuzari, ta kuma bayyana cewa za a riƙa auna takrolimus, maganin rage garkuwa da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, a jininsa sau da yawa, domin yayin da hanta take murmurewa yadda take sarrafa wannan magani yana sauyawa, kuma idan ya yi ƙasa jiki zai iya ƙin ƙodar, idan ya yi yawa zai iya cutar da ita. Sau biyu aka gyara masa adadin. Ban da ɗan ciwon kai da kasala a makon farko, bai koka da komai ba. A mako na huɗu na shan maganin gwaji bai ga ƙwayar ba, kuma mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe aka sake aunawa ba a gan ta ba, wanda shi ne ma'aunin da likitoci suke kira warkewa. An gargaɗe shi cewa alamar haɗuwa da cutar za ta iya ci gaba da bayyana a gwajin farko na jini ko bayan shekaru, don kada wani asibiti ya tsorata shi, kuma warkewar ba rigakafi ba ce, domin har yau babu allurar rigakafin nau'in C. Nau'in B bai motsa ba. Matarsa ta yi gwaji sau biyu, ba ta da komai.

Na tambayi likitar ƙoda wata rana ko irin wannan tsari ya shafi cuta mai karya garkuwar jiki, sai ta ce hanya ce dabam. A can ba a dasa wa wanda ba ya da cutar, sai dai daga mai ita, galibi mamaci, zuwa mara lafiya mai ita, aikin da likita Elmi Muller ta fara a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu a 2008, Amurka kuma ta halatta shi da dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2013, aka yi dashen farko a Johns Hopkins a 2016. Bambancin shi ne waccan cuta danne ta ake yi har ƙarshen rayuwa, nau'in C kuwa kawar da ita ake yi ɗungurungum.

Kulawar bayan dashe tana da kyau amma tana da nauyi, kuma wanda ba ya da mai kai shi asibiti zai sha wuya. A watan farko sau biyu a mako muke zuwa ɗibar jini da sassafe kafin ya sha maganin safe, ana duba aikin ƙodar da wasu ƙwayoyin cuta biyu da kan farka idan garkuwa ta yi rauni. Sakamako yana shigowa waya a ranar, amma sau da yawa kafin a sami wanda zai fassara shi, saboda haka lamba mai jan launi takan hana mu barci kafin a kira washegari a ce ba komai ba ce. Sun shawarce shi kada ya yi azumi a shekarar farko saboda ƙoda ɗaya ce ke aiki kuma tana buƙatar ruwa, ga magani duk awa 12, kuma likitar ta yi wannan magana da girmamawa, ta nuna ta saba da marasa lafiya Musulmi. Sashen kuɗi ne ya fi kowane sashe rauni, domin sau biyu aka aiko da takardar bashin abin da inshora ta riga ta biya.

Wani bawan Allah ɗan Nijar da suke wankin ƙoda tare da Yaya ya tambaye ni ko ya sa hannu, sai na ce masa ni da zan sake zaɓa wa Yaya, da wannan hanya zan sake zaɓa, a wannan cibiya ma, amma kada ya sa hannu sai an rubuta masa ranar da za a fara ba shi magani, da wanda zai biya idan inshora ta ƙi, da abin da gwajinsa na nau'in B ya nuna. Ni ma na rubuta wa shugabar sashen dashe wasiƙa, na yaba wa likitan hanta da mai haɗa magunguna, na kuma roƙi a riƙa faɗa wa marasa lafiya matsakaicin kwanakin da ake jira kafin magani ya iso, da lamba, tun a zaman farko. Ta amsa cewa suna tattaunawa da hukumar asibiti a kan ajiye maganin a kantinsu domin a fara bayarwa kafin sallama. Da muka koma duba na wata tara, na tambayi ma'aikaciyar jinyar inda maganar ta kwana, ta ce har yanzu tana gaban kwamitin kasafin kuɗi.